SHARHI: Kakar gasar mutum-mutumi da tazarar da ke tsakanin ajin Panshekara da masana'antun Challawa

A watan Agustan kowace shekara ake bayyana jigon gasar FIRST LEGO League, wadda ke cikin manyan gasannin haɗa mutum-mutumi na 'yan makaranta a duniya. Daga wannan rana ɗalibai a ƙasashe sama da 100 suke shiga watannin shiri. A Nijeriya, gidauniyar Coderina ce ke ɗaukar nauyin shirya gasar, kuma ta yi aiki da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya wajen shigar da kwalejojin gwamnatin tarayya cikinta. Waɗanda suka yi fice a zagayen ƙasa ne ke samun damar zuwa gasannin ƙetare, ciki har da babban taron da ake yi a birnin Houston na Amurka a watan Afrilu.

Ga mafi yawan masu bibiyar siyasar Kano, wannan labarin wasan yara ne, wanda ake leƙawa a wuce. Amma wanda ya tsaya a Panshekara, cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, ya dubi katangun masana'antun Challawa a gefe guda da makarantun gwamnati a ɗaya gefen, zai ga cewa akwai maganar siyasa a ciki, kuma mai nauyi. Abin da ɗalibi ke koyo a kan teburin gasa shi ne ainihin abin da injinan bayan waɗancan katangu ke buƙata daga hannun ma'aikaci. Sai dai har yanzu babu hanyar da ta haɗa biyun, kuma rashinta yana da farashi ga ɗalibin, ga mai masana'antar, da jihar baki ɗaya.

Abin da shiri ke nufi

Ƙa'idar gasar a bayyane take. Ƙungiya ɗaya ba ta wuce ɗalibai 10, masu shekara 9 zuwa 16, ƙarƙashin kulawar manya biyu. Za su haɗa ƙaramin mutum-mutumi mai tayoyi, su rubuta masa umarni a kwamfuta, sannan su sake shi a kan teburi ya aiwatar da ayyuka iri-iri shi kaɗai cikin minti biyu da rabi. Zai tura wannan, ya ɗaga wancan, ya juya a inda aka tsara, ya dawo gida. Idan taya ɗaya ta zame, ko batir ya yi sanyi, ko hasken ɗakin ya rikitar da na'urar da ke gane launin layi, lissafin duka ya rushe.

Saboda haka mafi yawan lokacin shiri yana tafiya ne a maimaici. A gwada, a auna kuskuren, a rubuta shi, a gyara abu ɗaya tak, a sake gwadawa. Ƙungiyar da ta san abin da take yi tana raba aiki: wasu na haɗa jiki, wasu na rubuta umarni, wani na riƙe da littafin da ake rubuta sakamakon kowane gwaji. Bayan wasan teburi kuma akwai zama gaban alƙalai, inda ɗalibai za su bayyana dalilin da ya sa suka tsara na'urarsu haka, su gabatar da wata matsala ta zahiri da suka bincika tare da maganin da suka ƙirƙiro, a kuma duba yadda suke aiki tare da mutunta abokan karawa.

Jigon kakar 2025 zuwa 2026, mai suna UNEARTHED, ya shafi binciken kayan tarihi da ke binne a ƙasa. Da wuya a sami garin da wannan jigo ya dace da shi kamar Kano, inda masu bincike suka gano alamun narkar da tama a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, inda ganuwa ke zaizayewa a gaban idon kowa, inda kuma gidan tarihi na Gidan Makama ke tsakiyar birni. Ɗalibin Kano ba ya buƙatar aron matsala daga wata ƙasa. Abin da yake buƙata shi ne kayan aiki, malami, da wutar da za ta ba shi damar zama ya gwada.

Lissafin dala da lissafin wuta

A nan ne maganar ta koma tattalin arziki. Akwatin kayan LEGO SPIKE Prime da ake amfani da shi a gasar ya kai kusan dala 400 a kasuwar Amurka a 2024, kafin a sa kuɗin jigila da na kwastan. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, kuɗin bai kai naira 200,000 ba. Bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, akwatin nan ya koma kimanin naira 600,000. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne. Ke nan akwati ɗaya ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na fiye da wata takwas, kuma ba a yi maganar kwamfutar tafi-da-gidanka ba, balle tabarmar gasa, kuɗin rajista, motar zuwa Abuja da masauki.

Wannan lissafi shi ke tantance wanda zai shiga gasa tun kafin a busa usur. Makarantar kuɗi za ta raba nauyin a kan iyaye. Kwalejin gwamnatin tarayya tana da wanda zai tsaya mata. Makarantar jeka-ka-dawo ta jiha, wadda shugabanta ke fama da kujeru da alli, ba ta ma san an fara kakar ba. Haziƙancin yaran duk ɗaya ne, aljihun ne ya bambanta.

Sai kuma wuta. Batirin mutum-mutumi da na kwamfuta suna buƙatar caji kullum, kuma gwaji ba ya yiwuwa a ɗaki mai duhu. A watan Oktoban 2024, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta sami layin da ke biyowa ta Binuwai, Kano da mafi yawan jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Wannan tsakiyar lokacin shirin gasa ne. A ranar 3 ga Afrilun 2024 kuma, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya, kafin daga baya a ɗan rage. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa ta garzaya kotu a kan ƙarin. Ciwon da ke hana ɗalibi cajin batir shi ne ke sa mai masana'anta a Sharaɗa ya rage kwanakin aiki. Duka biyun suna rataye a layin wuta ɗaya, kuma babbar tashar rarraba wutar da ke ciyar da Kano a Kumbotso take, maƙwabciyar Panshekara.

Abin da ke bayan katanga

Panshekara ba baƙuwar injina ba ce. A nan aka gina matatar ruwa ta farko ta Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wadda ta kai ruwan famfo cikin birni. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu, sannan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya, har Kano ta zama cibiyar masana'antu ta biyu a ƙasar bayan Legas, da masaƙu, masana'antun jima, na robobi, na man gyaɗa, na alewa da na lemon kwalba. Daga tsakiyar shekarun 1980, bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar darajar naira, sai tabarbarewar wuta da kwararowar atamfa daga waje, masana'antu da dama suka rufe, wasu gine-ginen suka koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su.

Waɗanda suka rage ba su tsaya a inda suke ba. Layin cika kwalba irin na kamfanin Nigerian Bottling Company da ke Challawa, injin da ke zuba narkakkiyar roba a ma'auni, injin ɗinke buhu, gangunan da ke juya fata a masana'antar jima ta zamani, duk suna tafiya a kan tsari ɗaya: na'urar da ke ji ko gani, ƙaramar kwamfutar da ke yanke hukunci, da injin da ke motsawa bisa umarninta. Wannan shi ne tsarin mutum-mutumin da ke kan teburin gasa, bambancin kawai girma ne da haɗari. Yaron da ya gane dalilin da ya sa na'urarsa ke kauce wa layi idan haske ya canza, ya riga ya kama hanyar gane dalilin da ya sa layin kwalba ke tsayawa idan ƙura ta rufe idon na'urar ƙirga.

Ma'aikacin da ke iya wannan gyara shi ne ke wuyar samu. Leburori suna nan jingim a bakin ƙofa kowace safiya, masu digiri ma suna nan da takardunsu. Wanda ya yi ƙaranci shi ne na tsakiya, mai iya buɗe akwatin sarrafa inji ya karanta abin da ke ciki. Sau da yawa sai an ɗauko shi daga Legas ko daga ƙasar da aka sayo injin, a biya shi jirgi da otal, injin kuma na tsaye ana asara. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: masana'antar na neman gwani, unguwar da ke kewaye da ita cike da matasa masu neman sana'a.

Duniya kuwa ba ta jira. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera mutum-mutumi ta duniya na 2023 sun nuna cewa akwai irin waɗannan injina sama da miliyan huɗu da ke aiki a masana'antu, kuma fiye da rabin sababbin da aka girka a wannan shekara a ƙasar Sin aka girka su. A Koriya ta Kudu akwai 1,012 ga kowane ma'aikata 10,000 na masana'antu, matsakaicin duniya kuma 162. Kayan da ke cika Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari daga irin waɗannan masana'antu suke fitowa. Da su Sharaɗa ke gasa, ko ta shirya ko ba ta shirya ba. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawachiki a watan Janairun 2023 za ta iya zama ƙofar fitar da kayan Kano, za kuma ta iya zama ƙofar da ta sauƙaƙa shigo da na wasu. Ingancin abin da ake sarrafawa a gida ne zai raba gardama.

Darasin 1977, da na wani tsohon garin masaƙa

Kano ta taɓa fuskantar irin wannan giɓi ta kuma cike shi da gangan. A 1977, ganin ƙarancin 'yan asalin jihar a fannin likitanci da injiniyanci, gwamnati ta kafa makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, aka ba su hukuma ta kansu, aka zaɓi ɗalibai ta hanyar jarrabawa, aka zuba malamai da ɗakunan gwaji. Da yawa daga cikin likitoci, injiniyoyi da malaman jami'a da Kano da Jigawa ke tinƙaho da su a yau daga nan suka fito, kuma akasarinsu 'ya'yan talakawa ne daga karkara. Wannan shiri ya yi nasara ne saboda an gina hukuma, an ware kuɗi, an kuma jure shekaru kafin a ga amfanin.

Abin da aka fi sabawa da shi yanzu daban ne. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu daga tarkacen motoci, labarinsa ya zaga duniya. A 2022 wani matashi ɗan shekara 17 a Kano ya haɗa mutum-mutumin da ke kwaikwayon motsin hannunsa, manyan kafafen yaɗa labarai suka ɗauka. Irin waɗannan labarai suna faranta rai, amma suna kuma tona asiri. Kowannensu labarin mutum ɗaya ne da ya yi fafutuka a tsakar gidansu. Al'ummar da ke jiran baiwa ta ɓullo da kanta kafin ta tafa, tana asarar ɗaruruwan da ba su sami ko sukudireba ba.

Tarihin gasar kanta yana da abin koyi. Dean Kamen ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989 a garin Manchester na jihar New Hampshire a Amurka, kuma ofishinta yana cikin tsofaffin gine-ginen masaƙar Amoskeag, wadda ta taɓa kasancewa cikin mafi girma a duniya kafin ta durƙushe a tsakiyar shekarun 1930. A gasar farko ta 1992, ƙungiyoyi 28 ne suka kara a zauren wasanni na wata makarantar sakandare, kuma ginshiƙin tsarin shi ne haɗa ɗalibai da injiniyoyin kamfanoni su yi aiki kafaɗa da kafaɗa. Garin da masaƙarsa ta mutu ne ya haifi gasar, kamfanoni kuma suka rene ta don sun san daga ina ma'aikatansu na gobe za su fito. A nahiyar nan ma, Farfesa Sidy Ndao ɗan ƙasar Senegal ya kafa gasar mutum-mutumi ta Afirka a Dakar, inda ake ba ɗalibai matsalolin da suka shafi noma da rayuwar nahiyar.

Masu cewa ba yanzu ba

Akwai suka guda biyu da suka cancanci amsa. Ta farko ita ce ta fifiko. Jihar da asusun UNICEF ya ƙiyasta tana da yara kusan miliyan ɗaya da ba sa zuwa makaranta, wadda gwamnanta Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024 saboda yara na zaune a ƙasa, me ya haɗa ta da mutum-mutumi? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma duk shirin da zai ɗauki kuɗin rufin aji ya sayi akwatin LEGO ya cancanci a yi tir da shi. Amma jihar ta ware kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin kuɗinta ga ilimi a 2024, ta kuma ɗan ƙara a 2025. A cikin irin wannan kaso, kulob ɗaya a kowace makarantar kimiyya da fasaha ɗigo ne a cikin tulu. Haka kuma a 1977 yaran da ba sa makaranta sun fi na yau yawa idan aka kwatanta da adadin jama'a, hakan bai hana a gina Dawakin Tofa ba. Uban da ke shakkar amfanin boko ya fi saurin gamsuwa idan ya ga ɗan maƙwabcinsa ya fito da sana'ar da masana'anta ke biya.

Suka ta biyu ita ce ta aikin yi: injin da ke aiki da kansa yana korar mutane, a garin da rashin aiki ya yi katutu. Gaskiya ne cewa layi ɗaya na zamani yana maye gurbin hannaye da yawa. Sai dai ayyukan da Kano ta rasa a masaƙunta ba injin gida ne ya cinye su ba. Injin wata ƙasa ne ya cinye su, ta hanyar kaya masu araha da suka fi ƙarfin na gida. Masana'antar da ta rufe ba ta ɗaukar ko mai gadi sai ɗaya. Zaɓin da ke gaban jihar shi ne ko 'ya'yanta su zama masu girkawa da gyara injinan da za su shigo, ko su tsaya a bakin ƙofa suna kallon baƙi na yi.

Abin da ya kamata a tambayi masu neman ƙuri'a

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabon tsarin karatu wanda ya shigar da rubuta manhaja, ƙirƙirarriyar basira da ilimin mutum-mutumi cikin darussan babbar sakandare. Tun a 2020 hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙasa ta wannan fanni a Abuja. A takarda, komai ya kankama. Amma darasin da aka rubuta a allo aka haddace don jarrabawa, ba tare da yaro ya taɓa waya ko batir ba, zai bi sahun darasin kwamfuta da aka shekara ana koyarwa a makarantun da ba su da kwamfuta.

Mafita ba sai ta dogara da dala ba. Ƙananan allunan Arduino, waɗanda aka ƙirƙira a Italiya a 2005 don koyar da ɗalibai, ana samun irinsu da kuɗin da bai kai kaso kaɗan na akwatin LEGO ba. Masu gyaran waya na Farm Centre sun san like waya da dalma fiye da yawancin masu digiri. Kasuwar Ƙofar Ruwa cike take da ƙarafa da tsofaffin sassan injina. Jami'ar Bayero tana da sashen da ke koyar da haɗin injiniyancin inji da lantarki da kwamfuta, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Ɗalibansu na ajin ƙarshe za su iya zama masu horar da kulob-kulob na sakandare, a ƙirga musu shi cikin aikin koyon sana'a da doka ta riga ta tanada. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, yana karɓar kashi ɗaya cikin 100 na albashin da manyan kamfanoni ke biya. Masu masana'antun Kano suna da hujjar neman a ga tasirin wannan kuɗi a makarantun da ke kewaye da su.

Da waɗannan za a iya kafa gasar jiha ta shekara-shekara ƙarƙashin Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha, wadda masana'antu za su riƙa kawo mata matsalolin da za a warware: na'urar da za ta auna gurɓatar ruwan da masana'antun jima ke zubarwa kafin ya isa Kogin Challawa, wadda za ta kashe famfo idan tanki ya cika, wadda za ta ƙirga buhuna a kan bel. Kowace masana'anta ta ɗauki makaranta ɗaya a Panshekara, Sharaɗa, Ja'en ko Dakata, ta ba da injiniya ɗaya na awa biyu a mako. A tabbatar makarantun mata, irin Kwalejin Kimiyya ta 'Yan Mata da ke Garko, suna cikin sahun farko. Waɗanda suka yi nasara a nan su ne jiha za ta ɗauki nauyinsu zuwa Abuja da ƙetare, kuma a fara neman biza da wuri, domin ƙungiyoyin Gambiya da na 'yan matan Afganistan sai da aka hana su biza a karon farko kafin gasar FIRST Global ta 2017 a Washington, sai bayan hayaniya aka ba su.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma alƙawarin farfaɗo da masana'antun Kano zai sake fitowa a kowane dandali, tare da maganar bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar a 2020. Gas da wuta za su iya tayar da injin, amma wani ne zai tsaya a kansa. Matashin da ke da katin zaɓe yana da damar tambayar ɗan takara abubuwa ƙididdigaggu: makarantun gwamnati nawa ne za su sami kulob da sola a shekarar farko, a wane layi na kasafin kuɗi, malamai nawa za a horar, kuma wace masana'anta ce ta sa hannu. Wanda ya amsa da lambobi, a rubuta a ajiye don ranar hisabi. Wanda ya amsa da kirari, a san cewa wata kakar za ta sake wucewa yaran Panshekara suna jin ƙugin injina daga bayan katanga.